HAƊIN GAMBIZA KO ƊINKIN GWANI: TARKEN HARHAƊAƊƊEN BIDIYO NA KAFAFEN SADA ZUMUNTA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ke riƙe da wayar zamani a yau, da wuya rana ta fito ta faɗi bai ci karo da wani ɗan gajeren bidiyo wanda aka harhaɗa daga gutsattsarin hotuna dabam-dabam ba. Wani na biki ne, wani na suna, wani na tunawa da mamaci, wani na talla, wani kuwa na siyasa. Saboda gajartarsa da kuma sauƙin yinsa, mai yiwuwa ne a ɗauka bai kai matsayin da za a kawo shi gaban taron masana irin wannan ba. Mu dai a namu ganin, abin da jama'a ke kallo safe da yamma, suna dariya ko kuka ko fushi a kansa, ya cancanci a ɗora shi a kan faifai a yi masa tarke, kamar yadda ake yi wa waƙa da wasan kwaikwayo.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a wannan takarda guda ɗaya ne, watau cewa darajar harhaɗaɗɗen bidiyo tana wurin mahaɗarsa. Abin da muke nufi da mahaɗa shi ne daidai inda gutsure ya ƙare wani ya soma, ko inda gefen wani hoto ya taɓa gefen wani. A nan ne mai haɗawa ke magana, a nan ne gwaninta ke bayyana, a nan ne kuma ƙarya ke samun wurin ɓuya.

2.0 Asalin Wannan Fasaha

Wayar hannu ba ita ta ƙago wannan aiki ba. A shekarar 1912, a Faransa, masu zane biyu, Pablo Picasso da Georges Braque, suka soma manna abubuwan da ba su suka zana ba a cikin zanensu. Picasso ya liƙa wani ƙyalle mai hoton saƙar kujera, Braque kuma ya liƙa takardar bango mai kamar katako. Sunan da Turawa ke kiran wannan fasaha da shi ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai ma'anar mannawa.

Masu silima na ƙasar Rasha su ne suka bi diddigin al'amarin a hoto mai motsi. Wajejen 1920, Lev Kuleshov ya yi wani gwaji wanda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labarinsa. An ɗauki fuskar wani ɗan wasa, fuskar da ba ta nuna komai ba, aka jera ta da kwanon miya, aka sake jera ta da gawa a cikin akwati, kana aka jera ta da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yaba gwanintar mutumin wajen nuna tunanin abinci da baƙin ciki da farin ciki, alhali kuwa fuskar nan guda ce, ba ta sake ba. Haka kuma a fim ɗin Potemkin na 1925, Sergei Eisenstein ya jera hotunan zakuna uku na dutse, ɗaya yana barci, ɗaya ya farka, ɗaya ya yunƙura. Mai kallo sai ya ga zaki guda ya zabura saboda ta'asar da aka yi wa jama'a. Dutse bai motsa ba, mahaɗa ce ta motsa shi.

Wannan duk haɗi ne na bi-da-bi. Akwai kuma haɗi na gefe-da-gefe, inda hotuna biyu ko fiye ke gudana a lokaci guda. A 1927 Abel Gance ya nuna ƙarshen fim ɗinsa na Napoleon da majigi uku a kan alluna uku da aka jera. Waɗannan hanyoyi biyu su ne har wa yau tubalan duk wani harhaɗaɗɗen bidiyo.

3.0 Yadda Kafa Ke Tsara Zubi

Kafin mu yanke wa mai haɗawa hukunci, wajibi ne mu san filin da aka ba shi. Fuskar waya a tsaye take, kuma ma'aunin da aka saba da shi shi ne faɗi 9 tsawo 16, watau ɗigo 1080 a kwance da 1920 a tsaye. Hoton talabijin kuwa a kwance yake, faɗi 16 tsawo 9. In aka rage shi ya shiga faɗin waya, tsawonsa ba ya wuce ɗigo 608, sai sama da ƙasa su zama wofi. Uku daga cikinsu in aka ɗora wani kan wani sun kusa cika fuskar wayar daidai. Wannan lissafi na daga cikin dalilan da suka sa muke yawan ganin bidiyo mai hawa uku.

Lokaci ma a ƙayyade yake. Sa'ad da WhatsApp ya buɗe dandalin matsayi a 2017, abin da aka ɗora yakan ɓace bayan awa 24, kuma an daɗe bidiyo ba ya wuce sakan 30. A 2020 Instagram ya fito da Reels. A cikin shekarar ne TikTok ya ba da damar yanko har sakan 5 daga bidiyon wani a ɗora nasa a baya, ƙari a kan damar da ke akwai ta jera bidiyo biyu gefe da gefe. A shekarar ce kuma manhajar CapCut, ta kamfanin ByteDance mai TikTok, ta bazu a wajen ƙasar Sin, manhajar da a yanzu ke ɗauke da abin da za mu kira shiryayyen mazubi. Kamar mazubin bulo yake: an riga an tsara yawan gurabe da tsawon kowanne da kiɗan da zai bi su, mutum hotuna kawai zai zuba.

4.0 Tarken Haɗin Bi-da-bi

Bari mu ɗauki bidiyon biki, tun da shi ne ya fi kusa da mu. Bikin Hausa yana da tsari wanda ba ya karɓar hargitsi: kamu da sa lalle, sa'an nan ɗaurin aure, kana kai amarya, daga baya buɗar kai. Kowane mataki yana da nasa yanayi. Gwanin haɗawa, ko da sakan 30 aka ba shi, yakan kiyaye wannan hawa da sauka. Alal misali, zai iya nuna amarya cikin ƙawayenta ana shewa, ya yanke zuwa ga hannun uwarta yana gyara mata lulluɓi, ya bar wannan hoto ya daɗe fiye da sauran, kana ya rufe da ƙofar gidan da ta bari. Bai rubuta kalma ko ɗaya ba, amma ya faɗi abin da kowace uwa ta sani game da aurar da 'ya.

To, shiryayyen mazubi ba ya barin a yi haka. Da yake bugun kiɗa ne ke yanke gurabensa, kowane hoto rabonsa ɗaya da ɗan'uwansa, dariya da hawaye duk rabin sakan. Mazubin bai san cewa hawayen amarya na bukatar a dakata a kansa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne sa'ad da aka ɗauki mazubin da aka yi domin murna aka zuba hotunan mamaci a ciki, sai ka ga fuskar marigayi tana tsalle tana juyi tana walƙiya, ga addu'ar neman gafara a rubuce a ƙasa. Niyyar mai yi kyakkyawa ce, amma zubi ya saɓa wa jigo, kuma wannan aibi ne babba a kowane irin adabi.

Kada a fahimce mu da cewa muna ƙyamar mazubi baki ɗaya. Mawaƙin da ya hau karin da ya gada bai zama ɓarawo ba, muddin shi ne ke juya karin. Laifin yana zuwa ne in mazubi ya ƙwace wa mutum mahaɗa, gama wanda bai zaɓi inda zai yanke ba, bai ce komai ba. Domin a ga iyakar inda zaɓin mahaɗa ke iya kaiwa, sai a dubi aikin Christian Marclay na 2010 mai suna The Clock, watau agogo. Ya tsinto dubban gutsattsari daga finafinai da shirye-shiryen talabijin, waɗanda ke nuna agogo ko ambaton lokaci, ya jera su har awa 24, ta yadda lokacin da ke cikin hoton ya yi daidai da na agogon mai kallo. Ba shi ya ɗauki hotunan ba, jerawar ce tasa, kuma ita ce ta ba shi babbar lambar yabo a bajekolin fasaha na birnin Benis a 2011.

5.0 Tarken Haɗin Gefe-da-gefe

A wannan nau'i matsalar ta ido ce da kunne. Ido na iya kai da komowa tsakanin gurabe biyu, amma ba ya karanta su a lokaci guda, kunne kuwa sauti ɗaya yake bi. Saboda haka lalle ne gurbi ɗaya ya zama jagora, sauran su zama 'yan amshi, ko kuma a sami wata dangantaka bayyananniya a tsakaninsu, kamar ta da da yanzu, ko ta tambaya da amsa.

Misali mai kyau shi ne abin da ya faru a farkon 2021, bayan wani ma'aikacin gidan waya ɗan Sikotilan, Nathan Evans, ya rera wata tsohuwar waƙar masu jirgin ruwa a TikTok. Wani ya jera nasa bidiyon a gefe ya sa murya mai kauri, wani ya zo ya ɗora tasa a kan ta biyun, wata ta kawo goge, har fuskar waya ta cika da ƙananan gurabe na mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Haɗin ya yi armashi domin kowane gurbi yana da aikin da yake yi wa sauran, kuma kunne na jin abu guda. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, don kuwa tsarin jagora da 'yan amshi ke nan.

Kishiyar wannan ita ce wata ɗabi'a da ta yaɗu wajejen 2022 zuwa 2023, inda ake raba fuskar waya biyu, a sa wasan barkwanci ko hira a sama, a ƙasa kuma a sa wasan kwamfuta irin su Subway Surfers, ko hannu yana yanka sabulu. Babu abin da ya haɗa na sama da na ƙasa. An yi haka ne kawai don in ido ya gaji da ɗaya ya faɗa ɗaya, kada yatsa ya ture bidiyon. Wannan shi ne haɗin gambiza na ainihi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya cusa wa mai kallo biyun ba ya nufin ya ci ko ɗaya.

6.0 Mahaɗa da Gaskiya

Mun zo ga inda al'amarin ya fi nauyi. Gwajin Kuleshov ya nuna cewa mai kallo da kansa yake ƙulla dangantaka tsakanin hotuna biyu da aka jera masa. Ke nan ana iya yin ƙarya da hotunan da kowannensu gaskiya ne.

A ranar 4 ga Fabrairu, 2020, Shugaban Amurka Donald Trump ya yi jawabin shekara a gaban majalisa, inda ya karrama waɗansu baƙi, ciki har da wani tsohon sojan sama baƙar fata mai shekara 100. Bayan an ƙare jawabin ne Shugabar Majalisar Wakilai ta lokacin, Nancy Pelosi, ta kekketa kwafin da ke hannunta. Kwana biyu bayan haka Shugaban ya yaɗa wani bidiyo wanda aka yanko kekketawar aka riƙa maimaita ta bayan kowace karramawa. Karramawar ta faru, kekketawar ma ta faru, amma jerin bai faru ba. Ofishin Pelosi ya nemi a cire bidiyon, Facebook da Twitter suka ƙi. Ba ruwanmu a nan da wanda ke da gaskiya a siyasar Amurka. Abin lura shi ne babu hoto ko ɗaya na jabu a ciki, duk maganar a mahaɗa take.

Mu da muka tashi da karin maganar nan cewa gani ya kori ji, ya kamata mu sake tunani. A harhaɗaɗɗen bidiyo abin da ido ya gani shi ma ji ne, domin labari ne wani ya tsara ya ba mu. In aka yanko rabin jimlar malami aka jera ta da hoton tarzoma, ko aka ɗauko ambaliyar wata ƙasa aka haɗa da sunan wani gari namu, masu kallo za su rantse sun gani da idonsu. A ƙasashen da 'yar ƙaramar jita-jita ke iya jawo asarar rai, wannan ya wuce maganar salo.

7.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarar tambayoyi uku ga duk mai son tarken wannan fasaha. Ta farko, wa ya zaɓi mahaɗa, mutum ne ko mazubi? Ta biyu, me gutsure ya ƙara wa maƙwabcinsa, kuma in an cire shi me za a rasa? Ta uku, dangantakar da jerin ya nuna, haka take a zahiri, ko kuwa mai haɗawa ne ya ƙirƙiro ta? In shi ya ƙirƙiro ta, ya bar mai kallo ya gane haka?

Masaƙan ƙasar Hausa kan saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, sa'an nan a jera shi gefe da gefe a ɗinke, har ya zama babbar riga. Mai saye in ya san abin da yake yi, yakan juya rigar ya duba ɗinkin. Haka muke fata ɗalibanmu na sassan Hausa da na aikin jarida za su riƙa yi wa waɗannan bidiyoyi. Muna kuma kira ga malamai da su shigar da wannan fanni cikin darussan tarke, tare da samar masa da daidaitattun kalmomi, domin waɗanda muka yi amfani da su a nan, kamar mahaɗa da mazubi, shawara ce muka kawo gaban wannan taro don a tattauna.