Maɓalli ɗaya, Hajiya ta samu Kano

In dai za a raba kambun kayan gida na bana, wallahi wayar Panasonic ɗin nan marar igiya zan naɗa wa, ko wa zai yi mini dariya. Hajiyarmu ce shaidata.

Tun da ta zo zama wurinmu a Ingila, wayar shafa-shafa ta zame mata ƙarfen ƙafa. Za ta kira Yaya a Kano, sai ga shi ta ɗauki hoton silin. Kiran Najeriya daga nan kuwa aiki ne: 00, sai 234, a yar da sifilin farko, sannan sauran goman. Lambobi 15 ke nan, ga ido ya fara hazo. Dole ta zauna jiran in taso daga aiki, ita da a gida ba ta wuni ba ta ji muryar 'yan uwa ba.

Sai Allah ya haɗa ni da wannan waya. Abin da ya sace mini zuciya shi ne saurin kira: kowane maɓalli ana ɗaura masa lambar mutum guda. Ka shiga jerin saituna, ka zaɓi maɓallin, ka rubuta lambar ko ka ɗauko ta daga waɗanda ka riga ka adana, ka tabbatar. Kafin shayina ya huce na gama shida. Yaya na kan 2, Inna ta Zariya 3, ni 4, asibitin unguwa 5, haka dai. Na rubuta sunayen da ajami a 'yar takarda, na liƙa a bayan wayar, don boko bai dame ta ba.

Ranar gwaji ba zan manta ba. Na ce, "Hajiya, ki danne biyu, kar ki saki." Ta danne da ɗan yatsanta mai lalle, sunan Yaya ya fito, ta latsa maɓallin kira. Da ta ji sallamarsa sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ikon Allah! Shi ke nan?" Shi ke nan fa. Maɓallan manya ne, masu tudu, yatsa na jin sun nitse, ga lasifika da take kunnawa ta ajiye wayar a kan sallaya tana jan carbi ana hira.

Fasahar DECT take aiki da ita, wadda masu ƙera irin waɗannan wayoyi ke cewa tana kai mita 50 a cikin gida, 300 a fili. Ban auna ba, amma har wurin shanya a bayan gida murya tangaran take fita. Batir kuma ƙanana biyu ne na AAA masu caji. In sun gaji ka sayo wasu, ba sai an nemi mai gyara ba.

Aibinta ɗaya: gindin da take zama a kai da lantarki yake aiki, in aka ɗauke wuta sai ta yi gum. A nan da wuya hakan ta faru, shi ya sa na yafe mata.

Kuɗin waya na watan farko kam ya sa na yi salati. Na kai wa Hajiya takardar, ta juya ta sama da ƙasa, ta miƙo mini, ta ce in duba ko maɓallin 8 na nan babu kowa, akwai wata aminiyarta a Maraɗi.