Daɗin Shirme: Waiwaye a kan Transformers: Revenge of the Fallen

A tsakiyar fim ɗin Transformers: Revenge of the Fallen, wanda Michael Bay ya ba da umarninsa a 2009, taurarin labarin sun shiga wani gidan adana jiragen sama na tarihi da ke kusa da birnin Washington. Wani tsohon jirgin leƙen asiri ya rikiɗe ya zama dattijon mutum-mutumi mai dogara sanda, ya bankaɗe ƙofa, sai ga su a wani fili na hamada cike da matattun jirage. Filin nan a jihar Arizona yake, nisan kimanin kilomita 3,000. Can gaba kuma aka jera dalar Fir'auna ta Giza da tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan kamar unguwanni biyu masu maƙwabtaka, alhali kimanin kilomita 400 ne tsakaninsu. Babu wanda ya yi mamaki a cikin fim ɗin. Ni ma da na fara kallonsa ina yaro ban yi ba, kuma da na sake kallonsa bayan na kammala digiri, na gane kuskuren sarai amma daɗin bai ragu ba. Wannan ne ya dame ni.

Ba zan wahalar da kaina wajen wanke fim ɗin ba. An tsara shi ne a daidai lokacin da marubutan fina-finan Amurka suka shiga yajin aiki, daga Nuwamban 2007 zuwa Fabrairun 2008, don haka an riga an zana fagagen faɗa kafin a sami labarin da zai ɗinke su. Ɗinkin kuwa a fili yake. Jarumin, Sam, ya tsinci wani mabuɗi mai tsarki wanda ya zama ƙura a hannunsa, ya ɗure ƙurar a cikin safa; ya mutu, ya gana da magabatan mutum-mutumi a wata lahira tasu, suka yaba masa, suka dawo da shi. Fim ɗin ya karɓi kyautar Golden Raspberry ta fim mafi muni, Bay da kansa ya amsa daga baya cewa aikin bai yi kyau ba. Duk da haka ya tara fiye da dalar Amurka miliyan 800. A ce duk waɗanda suka biya kuɗin nan wawaye ne, amsa ce mai sauƙi da ba ta dace da manazarci ba, balle ma ina cikinsu.

Abin da nake gani shi ne, mun auna fim ɗin da ma'aunin ƙagaggen labari, alhali asalinsa abin wasan yara ne. A 1984 kamfanin Hasbro ya ɗauko wasu motocin wasa na kamfanin Takara na Japan, masu lanƙwashewa su zama mutum, ya raɗa musu suna, sannan aka ƙirƙiro musu tarihi da zane mai motsi domin a sayar da su. Kayan ne suka riga labarin zuwa duniya. Wanda kuwa ya taɓa durƙusawa a ƙasa da abin wasa ya san dokokin wannan duniyar. Ban taɓa mallakar Optimus Prime na roba ba. Motar langalanga nake ja, mai tayoyin tsohon silifas. Amma na san cewa a wasan yara bakin zaure Kano ne, gindin darbejiya Legas, taku biyar ne tsakaninsu. Na san wanda aka harbe yakan tashi idan wasan bai ƙare ba. Da wannan idon, Giza da Petra tabarma biyu ce aka shimfiɗa kusa da juna.

Inda fim ɗin ya fi gaskiya shi ne faɗan daji, wurin da Optimus shi kaɗai ya tari abokan gaba uku. A nan Bay ya ɗan ja kyamararsa baya, ya bar ido ya ga girman jiki da nauyin ƙarfe, itatuwa suna karyewa kamar karan dawa. Babu wata magana mai ma'ana a fagen, kuma ba a bukatarta. Abin da hannun yaro ke nufi idan ya gwara motoci biyu yana ƙara da bakinsa, shi ne aka kashe miliyoyi aka nuna masa a zahiri. Muryar Peter Cullen, wanda ke magana da bakin Optimus tun 1984, ita ta ɗauki nauyin da rubutun ya kasa ɗauka. Da aka soke shi ta baya ya faɗi, na ji abin a ƙirjina, ko da yake na san zai tashi.

Sai dai kwatancen nan yana da iyaka, kuma a iyakar ne daɗin ya fara ɗaci. Yaro shi ke da wasansa. A nan kamfani ne ke wasan, mu 'yan kallo ne kuma masu saye. Ba yau aka fara ba: a fim ɗin zane na 1986 an kashe Optimus ne domin a buɗe wa sababbin kayan wasa kasuwa, kukan yara da ƙorafin iyaye suka sa aka dawo da shi. Akwai kuma abin da babu yaron da zai ƙago shi. Tagwayen nan Skids da Mudflap, masu manyan kunnuwa, ɗaya da haƙorin zinare, waɗanda suka ce ba su cika karatu ba, an gina su ne a kan tsohuwar izgilin da ake yi wa baƙar fatar Amurka. Ina yaro na yi musu dariya har da hawaye, ban san da wa ake ba. Haka yadda kyamara ke bin jikin Megan Fox, da yadda kayan yaƙin sojan Amurka ke sheƙi kamar talla, duk aikin manya ne da suka san abin da suke yi.

Saboda haka ba na yarda da masu cewa a ajiye hankali a bakin ƙofa kafin a kalli irin wannan fim. Da hankalina na zauna, shi ya nuna mini wane shirme ne na wasa, wanne ne na raini. A kallona na baya-bayan nan na tsallake fagagen tagwayen, na maimaita faɗan dajin sau uku, kuma da Sam ya zo da safarsa cike da ƙura, na sami kaina ina fatan ya isa da ita kafin ta zube.