Idon da ke ƙirga masu zama a teburi

Mutane da yawa in sun kalli fim ɗin da aka ciro daga littafi, hukuncinsu bai wuce kalma uku ba: littafin ya fi. Wani malaminmu na adabi ba ya karɓar wannan magana. Sai ya gyara zaman tabaransa ya ce, "To, ya fi. A ina ya fi? Nuna mini wurin." A wurinsa na fara gane cewa ɗora littafi kusa da fim gwaninta ce mai zaman kanta, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi iya ta ba.

Da Gandun Dabbobi ya koya mana. George Orwell ya fitar da Animal Farm a 1945, Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya mayar da shi Hausa a 1975, shi ya sa da yawanmu mun san dokin nan mai ƙwazo da sunan Akawal tun kafin mu ji ana ce masa Boxer. Labarin sananne ne: dabbobi sun kori mai gandu don su huta da zalunci, sannu a hankali aladun da suka ja ragamar tawayen suka zama azzaluman da suka fi na da. A 1954, shekara huɗu bayan rasuwar Orwell, John Halas da matarsa Joy Batchelor suka mayar da shi katun a Ingila.

Malam yakan sa a karanta littafin tukuna, da fensir a hannu, a yi alama a wurare kaɗan da suka tsaya wa mutum a rai. Sannan a kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe ba tare da an ce uffan ba. A kallo na biyu ne aikin yake farawa. Lissafin abin da aka yanke bai dame shi ba, don fim ɗin bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, dole a zubar da wani abu. A littafi tsohon aladen da ya hura wutar tawaye ya mutu kwana uku bayan jawabinsa, a fim kuwa nan take ya faɗi a gaban taro. Malam ya ɗaga kafaɗa ya wuce, ya ce wannan tsimin lokaci ne kawai. Kuma ba ya tauye wa fim haƙƙinsa. Wurin da aka sa Akawal a motar mai yanka tsofaffin dawakai, jakin nan abokinsa yana bin ta da gudu yana kuka, Malam ya ce zanen ya isar da baƙin cikin nan yadda ya kamata, ya kuma bar mu muka sake kallonsa.

Da aka zo liyafar ƙarshe sai ya tsayar da hoton cak.

"Ku ƙirga mini waɗanda ke zaune a teburin nan."

Muka ƙirga. Aladu ne zalla, na wannan gandu da baƙinsu daga wasu gandaye.

"Kai, ɗana, buɗe shafin ƙarshe. Su wa ke teburin?"

Na duba, gabana ya faɗi, domin na karanta shafin nan fiye da sau ɗaya, na kuma kalli fim ɗin, amma ban lura ba. A littafi manoma ne, 'yan Adam, maƙwabtan gandun, suke zaune da aladu ana shan barasa ana yabon juna. Ana cikin karta rigima ta kaure, saboda shugaban aladu Napoleon da wani manomi mai suna Pilkington sun jefa kati iri ɗaya a lokaci ɗaya, katin da guda ɗaya tak ake da shi, ke nan akwai maguɗi. Sauran dabbobi suna leƙe ta taga, suka kasa bambance alade da mutum. Nan littafin ya tsaya, ba ceto, ba lallashi.

Fim ɗin ya kwashe manoman daga teburin. Jakin ya leƙa, ya ga fuskokin aladu sun rikiɗe zuwa ta tsohon mai gandu, sannan dabbobi suka yi gangami suka afka wa gidan, karnukan da ke gadin Napoleon kuma sun bugu ba su iya tashi ba. Mai kallo ya tafi gida da sanyin zuciya.

Abin da ya fi burge ni shi ne Malam bai gaya mana dalili ba sai da idonmu ya gani da kansa. Bayan nan ne ya ce hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a fim ɗin a ɓoye, a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, abin da bai fito fili ba sai bayan shekaru masu yawa. Masu kuɗin suna son a caccaki Tarayyar Sobiyet, wato aladun. Manoman kuwa su ne ƙasashen jari-hujja, kuma Orwell bai ƙyale su ba: ya zaunar da su teburi ɗaya da azzalumi suna raha, har ɗaya yana yaba wa aladu yadda suke sa dabbobi aiki mai yawa a kan abinci kaɗan. Da aka ɗauke kujerunsu, rabin zargin marubucin ya tafi, alhali kusan duk sauran labarin yana nan yadda yake.

Orwell da kansa ya bayyana, a gabatarwar da ya rubuta wa fassarar harshen Yukiren a 1947, cewa taron Tehran na 1943 ne a ransa lokacin da ya tsara wannan liyafa, inda Stalin da Churchill da Roosevelt suka zauna kamar aminai. Bai yarda amincin zai ɗore ba, shi ya sa ya rufe littafin da hayaniyar karta. Malam ya karɓi fensirina, ya ja layi a ƙarƙashin sunan Pilkington a shafin, ya miƙo mini littafin, sannan ya saki hoton dabbobi suka ci gaba da tururuwa zuwa gidan.