Gwanayen da ke koya wa 'yan mata yarda da kansu

Duk wanda ya san ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ya san irin aikin da ke hannun yarinya 'yar shekara 12. Ta iya surfe da daka, ta iya raino, ita ke ɗebo ruwa, in kaka ta yi da ita ake tsinkar zoɓo da ɓarar gyaɗa. In ta ɗauki farantin talla, ba mai cin ta ko naira goma wajen canji. Amma wannan yarinyar ce za ta shiga aji ta lafe a bencin baya, malami ya yi tambayar da ta san amsarta, ta ja hijabi ta rufe baki. In ciwo ya kai ta asibiti, sai wani ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya inda ke damunta. Basira kam tana da ita. Abin da ya yi mata ƙaranci shi ne yarda cewa maganarta ta isa a saurara.

Akwai matan da suka gwanance wajen gyara wannan, kuma aikinsu sana'a ce mai ƙa'idoji wadda ake koya. Su ne jagororin zauren 'yan mata. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: ana tara 'yan mata kamar 15 zuwa 20 a wurin da iyaye suka aminta da shi, a haɗa su da mace guda mai ilimi da kamun kai, su riƙa zama a kai a kai ana koyon karatu, lissafi da dabarun zaman duniya. A Arewacin Najeriya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda Habiba Mohammed ta yi fice wajen jagoranta, ta daɗe tana wannan aiki a ƙauyukan da ke kewaye da birnin, kuma ta samo asali ne daga haɗin gwiwar masana na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka. A Nijar akwai shirin Illimin, wanda aka soma a 2013. Shi kuwa shirin AGILE na Bankin Duniya ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina, sannan a 2023 aka ƙara dala miliyan 700 aka shigo da wasu jihohi 11, har da Jigawa. Koyar da dabarun rayuwa a irin wannan zaure yana cikin ayyukansa. Sai dai kuɗi da takardu ba su buɗe bakin yarinya. Wannan aikin jagora ne.

Gwanar jagora tana fara aikinta tun kafin ta ga yarinya ko ɗaya. Sai ta je gaisuwa wajen dagaci, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne da shawara." Daga nan ta biya wajen liman, sannan ta bi gida-gida ta zauna da iyaye mata a tsakar gida. Ba ta zuwa da kalaman da za su sa uba ya ji an zo raba shi da 'yarsa. Tana faɗin gaskiyar abin da za a koya, ta ce ƙofa a buɗe take ga duk uwar da ke son ta leƙo ta gani da idonta. Tana kuma tambaya: wace rana ce kasuwa, ƙarfe nawa ake tashi daga Islamiyya, yaushe aikin gona ke tsananta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zauren da aka sa wa lokacin da uwa ke bukatar 'yarta a madafa, ko ya ci karo da makarantar allo, ba zai yi wata biyu ba ya watse.

Ranar zama, abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne tabarma. Ana zama ne a kewaye, kowa na ganin fuskar kowa, jagora ma a ƙasa take tare da su, kuma babu bulala a hannunta. Tana haddace sunayensu tun ranar farko, domin yarinyar da ta saba jin "ke" daga safe har dare takan ɗago kai in an kira ta da sunanta cikin mutuntawa. Sai kuma abin da ya fi komai wuya, wato jira. Jagora za ta ce, "Ƙanwata, ke me kika gani?" Yarinya ta sunkuyar da kai, tana murza gefen tabarma. Wanda bai iya ba zai yi maza ya tsallake zuwa mai baki, ko ya ce, "Ke dai ba kya magana." Gwana sai ta yi shiru, fuskarta a sake, ta hana sauran dariya da ido kawai. In murya ta fito ƙasa-ƙasa, sai ta ɗauki maganar ta maimaita wa kowa, ta ce, "Kun ji abin da ta faɗa? Gaskiya ne." In kuwa amsar ba daidai ba ce, sai ta nemo ɓangaren da ke daidai a ciki ta fara yabawa, sannan ta gyara sauran. Aikin ya yi kama da hura wuta da jiƙaƙƙen icce a damina: in ka busa da ƙarfi ta mutu, in ka bi a hankali ta kama.

Wata dabarar ita ce farawa daga abin da yarinya ta riga ta sani. Jagora ba za ta buɗe darasin lissafi da alli ba. Za ta ce, "An ba ki ƙuli-ƙuli na dubu ɗaya, kin sayar da na ɗari bakwai, nawa ya saura a faranti?" Kafin ta rufe baki an amsa. Sai ta rubuta amsar a allo ta ce, "To wannan da kika yi da ka, shi ne ɗebewar da ake yi a aji." A nan yarinyar da ta ɗauka ita daƙiƙiya ce take gane cewa ta daɗe tana lissafi ba ta sani ba. Haka ake bi da karatu. Ana soma shi da Hausa, da sunanta da na mahaifiyarta da na garinsu, kafin a kai ga Turanci. Ranar da yarinya ta karanta rubutun da ke jikin kwalin magani da kanta, ba sai an yi mata huɗubar yarda da kai ba.

Inda gwaninta ta fi fitowa fili shi ne wasan kwaikwayo. Jagora za ta sa ɗaya ta zama uba, ɗaya ta zama 'yar da ta gama firamare tana son wucewa sakandare. Karon farko, mai yiwuwa 'yar ta tsaya ƙerere ta ce, "Ni dai makaranta nake so." Sai jagora ta tambayi sauran, "In ke ce Baba, za ki yarda?" Su ce a'a. A sake. A wannan karon za ta jira Baba ya gama cin abinci, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ina neman alfarma. Ina so in ci gaba da karatu, ko Allah zai sa in zama ungozoma, matan garinmu su daina wahalar zuwa nesa. Aikin gida kuma ba zan bar wa Inna ita kaɗai ba." A nan ne kuma ake shawarta wa ya kamata a fara sanarwa: uwa, goggo, kaka, ko kawun da Baba ke jin maganarsa. Wannan ne amsar masu fargabar cewa irin wannan zaure zai cire wa yarinya kunya. Kunya ado ce, addini ma ya yabe ta, kuma jagora ta gari tana tsaron ta. Abin da take cirewa shi ne tsoron da ke hana yarinya faɗin ciwonta, ko ƙin abin da zai cuce ta.

Aikin yana tafiya da riƙon amana. A zaure ne yarinya ke tambayar abin da ba ta iya tambayar kowa game da al'ada da tsaftar jiki, ko ta faɗi cewa wani yana tare ta a hanyar talla. In maganar ta fita waje sau ɗaya, bakin kowa ya rufe ke nan. Duk da haka gwana ta san iyakarta: ta san matsalar da ta isa a kai wa uwa, da wadda sai asibiti, da wadda dole manya su shigo. Tana kuma rarraba nauyi. Yau wannan ce za ta buɗe da addu'a, gobe waccan ta kira suna, wata ta riƙe littafin adashi. A tsarin Zariya, 'yan matan da suka tashi a zaure sukan dawo su jagoranci na ƙasa da su, kuma wannan ita ce babbar shaidar cewa jagora ta iya aikinta.

Kada a ɗauka baƙon abu ne aka shigo mana da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma ta riƙa jagorantar mata da 'yan mata zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar a garuruwansu. A dandali ma, wajen gaɗa, yarinya ke koyon ɗaga murya ta ba da waƙa ƙawaye su amsa. Jagorar yau magajiyar jaji ce.

Wannan yanki kuwa yana da inda yarinya za ta sa gaba. A Kazaure akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. A Babura akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Asibitocin karkara na bukatar mata ma'aikata, makarantu na bukatar malamai mata. Amma yarinyar da ba ta iya ɗaga hannu a aji shida da wuya ta kai bakin waɗannan ƙofofi.

Don haka kira na ga hukumomin ilimi, sarakuna da ƙungiyoyin al'umma: a zaɓo jagorori daga cikin 'ya'yan garuruwan nan, a horar da su sosai, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kada aikin ya mutu ranar da kuɗin wani shiri suka ƙare. Ku kuma iyaye, in 'yarku ta zo da magana, ku bari ta kai ƙarshe kafin ku yanke hukunci. Allah ya raya mana su, ya saka wa masu wannan aiki da alheri.