Nazari a Kan Hujjar Masu Maganin Ciwon Baya da Allurar Sinawa

A wannan takarda za mu auna hujjar masu cewa soka allura irin ta Sinawa tana maganin daɗaɗɗen ciwon baya. Babbar madogararsu ita ce wani bincike da aka gudanar a Jamus a kan majiyyata 1,162, aka buga shi a 2007. Bayan wata 6, kashi 47.6 cikin ɗari na waɗanda aka soka bisa ƙa'idar Sinawa sun sami sauƙi. Masu shan magani da motsa jiki kuwa, kashi 27.4 kawai.

To amma akwai rukuni na uku, waɗanda aka yi wa sukar sama-sama a wuraren da ƙa'idar ba ta tanada ba. Kashi 44.2 daga cikinsu sun sami sauƙi. Wato ke nan sanin gurbin suka, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar, bai ƙara wani abin a zo a gani ba.

A ganinmu, binciken ya tabbatar da sauƙi, amma bai tabbatar da dalilinsa ba. Mai yiwuwa tsammanin majiyyaci da kulawar mai magani su ne suka yi aikin. Wajibi ne a bayyana wa majiyyaci wannan kafin ya zuba kuɗinsa.