Kacici-kacici cikin hoto

Yau maganar wani littafin yara za mu yi. Sunansa I Spy, wato "na hango" da Ingilishi. Ya fito a Amurka a shekara ta 1992. Walter Wick ne ya ɗauki hotunan, wata mata mai suna Jean Marzollo ta rubuta kacici-kacicin.

In ka buɗe shi, hoto guda ne babba ya cika shafi biyu. An barbaza tarkace a ciki, su maɓallai, makullai da ƴan motocin wasa. A ƙasa akwai ƴar waƙa mai faɗa maka abin da za ka nemo. Abin yana gabanka, amma sai ka yi ta dube-dube.

Ba zane ba ne. Kayan gaske Wick yake shiryawa, ya gyara fitila, sannan ya ɗauka. A 2006 gidan nunin zane-zane na garin New Britain a Amurka ya baje aikinsa. Aka rataye hotunan manya-manya, aka ajiye ƴan gine-ginen da ya ƙera da hannu kusa da su. Nunin ya zaga wasu garuruwa, shi kuma yakan zo ya yi wa iyaye da yara bayani. Wannan ya yi daidai. Mai kallo zai ga babu siddabaru a ciki, haƙuri ne da aikin hannu.

Ƙanena ne ya kawo mini littafin daga Yamai. Na kai shi ajinmu na yaƙi da jahilci. Da fari dattawa suka ce wasan yara ne. Jim kaɗan sai ga kawuna sun haɗu a kan shafi. Wani tsoho, da haruffa ke ba shi wuya ƙwarai, shi ya riga kowa gano makulli. Ban yi mamaki ba. Idon da ke bambanta gero da shibra a gona ba makaho ba ne. Wannan idon ne kuma ake bukata a raba b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ. Ƴar lanƙwasa guda ce tsakanin kafa da ƙafa. Littafin yana koya wa ido ya tsaya, ya duba sannu.

Amma yana da aibi a wurinmu. Kayan ciki na ƴaƴan Amurka ne. Yaro ba ya neman abin da bai san sunansa ba. Waƙar da Ingilishi take, da na juya ta Hausa daɗinta ya tafi. Wasu shafukan kuma sun cika cunkoso. Mu da dare muke karatu, ƙananan abubuwa ba su ganuwa da tocila.

Saboda haka muka gwada namu. Muka shimfiɗa tabarma, muka zuba goro, ashana, ludayi, gujiya, ƴan dala-dala da allura ɗaya. Muka ɗauki hoto da salula, kowa ya rubuta sunan abin da ya gano a allo. Kwana uku ke nan, matar maigari ba ta ga allurar ba tukuna, ta kuma hana a nuna mata.