Yanayi a Matsayin Ma'aunin Nazarin Waƙar Baka: Misali Daga Zangon Kataf

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun daɗe suna rarraba makaɗa bisa la'akari da wanda ake yi wa kiɗan, wato makaɗan fada da na jama'a da na sana'a. Wannan rabo, wanda ayyukan Gusau (1993, 1996) suka ƙara wa gindin zama, ya yi amfani ƙwarai, domin shi ya ba waƙoƙin noma irin na Amali Sububu muhallinsu a fagen nazari. Sai dai rabon ya fi amsa tambayar "wa aka yi wa" fiye da tambayar "yaushe aka yi". Wannan maƙala tana ganin cewa a ƙasar Zangon Kataf tambaya ta biyu ce ke gaba.

Dalili kuwa shi ne yanayin ƙasar. A Kano da Katsina da Sakkwato ruwa ba ya kankama sai wajen watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba, saboda haka fargabar fari ba ta rabuwa da adabin noman can. A Zangon Kataf da Kafanchan damina kan faɗi a watan Afrilu, ta kai Oktoba. Manomin acca da dawa da doya a nan yana tsoron ƙarancin ruwa, yana kuma tsoron yawansa. Ba banza ba al'adar Atyap, mutanen da Hausawa ke kira Katafawa, ta ɗora wa zuriyar Shokwa alhakin bukukuwan kiran ruwa da na tsare ambaliya gaba ɗaya. Manazarcin da ya zo da jigon roƙon ruwa kaɗai a cikin jakarsa zai koma da rabin labari.

Babban misali shi ne bikin Ayet. A da, ana yin sa ne tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilu, a ƙarƙashin kulawar ma'abota Abwoi, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da dodo, domin buɗe shekarar noma. Waƙa da busa a wannan lokaci sanarwa ce: hadari ya fara haɗuwa, a fito da fartanya. A 'yan shekarun baya an mayar da bikin watan Disamba, ana yin sa a dandalin fadar Agwatyap da ke Atak Njei, lokacin da 'yan ƙasa mazauna birane ke dawowa gida. Babu laifi a hikimar, don taro sai da mutane. Amma waƙar da aka tsara don tarbar ruwan fari, idan aka rera ta cikin hazon hunturu, bayan an kai amfanin gona rumbu, ta tashi daga aiki ta koma nuni. Kalmomi da amshi da kiɗa duk suna nan, abin da suke nuni gare shi ne ba ya nan. Mai ɗaukar murya da ya rubuta sunan mawaƙi da gari, bai rubuta wata ba, ya hana na bayansa gane wannan bambanci.

Tun daga Meek (1931) da Gunn (1956), rubuce-rubuce a kan wannan yanki sun fi karkata ga zuriya da aure da tsafi. Bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 1992 kuma siyasa ta mamaye fagen. Waƙa ta zama 'yar rakiya.

Wani zai ce wannan batu na harshen Tyap ne, ba na Hausa ba. Amsa ita ce Hausa tana da kaso biyu a nan. Na farko, Hausawan garin Zango sun yi zamani mai tsawo suna noma da kasuwanci a ƙarƙashin wannan doguwar damina, kuma waƙoƙinsu na gayya da na daka sun cancanci a kwatanta su da na Zamfara, a ga ko jigon fari ya biyo su kudu. Na biyu, da Hausa ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u ke rera da yawa daga waƙoƙinsu, da kiɗan tulu da caki, har da na godiyar kaka. Can ne wani ɓangare na waƙar lokaci ya koma, a kan kari da amon da ba na ƙasar Hausa ba, kuma rabon fada da jama'a da sana'a bai tanadar masa gurbi ba.